Wutsiyar ce ta yi tsawo

Ɗana na ga saƙonka. Kace sitirimar da ka ɗaura jiya, wato ƙugiyar kamun kifi da ake ɗaura wa gashin tsuntsu, Woolly Bugger ɗin nan, kifin tirawut yana biyo ta har ya taɓa amma baya kamuwa, kuma in ka jefa sau uku huɗu sai ka tarar wutsiyar ta naɗe a lanƙwasar ƙugiya. To wlh tun ban buɗe hoton ba na san inda matsalar take, wutsiyar ce ta yi tsawo.

Kaga ita wannan ƙugiyar ba ƙuda take kwaikwayo ba, ƙaramin kifi ne ko matsattsaku da ke yawo ƙarƙashin ruwa, kuma duk ranta yana cikin gashin marabu da ake mata wutsiya da shi. Asalin sunan na borin-tunke ne amma wanda muke saya yanzu gashin talotalo ne aka rina. A bushe yana cika ido, yana jiƙewa sai ya tsuke ya miƙe, shi yasa kullum nake ce maka ka ɗan jiƙa shi da yatsu kafin ka auna. Tsawonsa ya zo daidai da tsawon sandar ƙugiyar, in ya wuce haka sosai kifi zai riƙa cizon gashi yana barin ƙarfe a gaba, shine abin da yake faruwa da kai. Sannan na lura ka gangara da zare har cikin lanƙwasa, wannan ne yasa wutsiyar ta sunkuya take naɗewa. Ka tsaya inda sandar ta ƙare a miƙe, ka riƙe gashin a sama da yatsu biyu ka ɗaure kar ya zame gefe. Kuma dan Allah in zaka rage kar ka sa almakashi, bakin zai fito a datse kamar tsintsiya ya daina rawa, da farce zaka tsittsinke shi kaɗan kaɗan.

Sauran mai sauƙi ne. Ƙugiya lamba 8 mai doguwar sanda, waya mai nauyi zagaye 10 zuwa 12 a rabin gaba don ta riƙa dungura kai duk sanda ka saki igiya, yawanci a wannan faɗuwar kifi yake kai cafka. Ka saba da wayar da ba dalma tun yanzu, akwai wurare irin gandun dajin Yellowstone na Amurka da suka hana dalma kwata-kwata. Sai ka naɗa zaren shanil, mai kaurin nan mai laushi, ya zama jiki, ka bi shi da gashin zakara zagaye biyar ko shida a warwatse, ba a cushe ba.

Abin da kuke yawan tsallakewa shine siririyar wayar tagulla. Ka naɗa ta saɓanin yadda ka naɗa gashin zakaran, kana ɗan girgiza ta don kar ta danne gashi. Tirawut yana da ƙananan haƙora, in ba wayar nan kifi biyu sun isa su tsinka gashin ya warware, aikin minti goma ya tafi a banza, wannan yana min ciwo gsky.

Russell Blessing da ya fito da Woolly Bugger a nan jihar Fensilbaniya ta Amurka a 1967 bai cika mata kaya ba, nima baƙa da kalar zaitun kawai nake so ka riƙe yanzu, ƙyalƙyali sai hannunka ya zauna.

Ka bar ɗan fili bayan idon ƙugiya don ƙullin ƙarshe da ɗigon gam, naka ya toshe ido. Ka ɗaura min guda shida iri ɗaya, ka ja kowacce a baho da ruwa ka ga yadda wutsiyar take buɗewa tana rufewa, ka kawo su shago ran Asabar in duba.