Tambayi Injiniya: Sauro ya kore mu daga baranda, a rufe ta da raga har da kwamin wanka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, ya aiki ya zafi. Ni dai gida munka gina nan Birnin Kebbi wajen Gesse, akwai baranda babba ta baya da ɗan kwamin wanka da na yi ma yara, to wallahi tun da munka tare ba mu taɓa zama barandar nan bayan magariba ba saboda sauro, shi ko kwamin kullum cike yake da ganyen dogon yaro da ƙwari, in damina ta faɗi kuma shinge ke rufe ruwan gaba ɗai. Ɗana da ke karatu waje ya turo min hoto ta WhatsApp na wasu gidaje a Amurka da sunka rufe wurin duka da raga, sama da gefe, kamar keji. Shin ana iya yin irin wanga nan? Mai waldata ya ce ai ba wani aiki ba ne, in kawo kuɗin fayif kawai. Ya kake gani?
Wani magidanci, Birnin Kebbi

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, zafi kam ana ta fama. Ana iya yi, amma ba yadda ka gani a hoton nan ba, kuma don Allah kada ka miƙa kuɗin fayif tukuna.

Hoton da yaronka ya turo kusan tabbas daga jihar Fulorida ne, can ne aka fi yin wannan kejin, don su ma ƙasa ce ta fadama da sauro da wasu ƙananan ƙwari masu cizo. Gangar jikin da alminiyam suke yi, ragar kuma ta zaren gilas ce da aka shafe da roba, wacce suka fi sawa ita ce mai 18 da 14, wato a kowane inci ɗaya akwai zare 18 ta wannan ɓangaren 14 ta ɗayan, in ana son tare ƙananan ƙwarin nan sai a sa mai 20 da 20. Kuma fa can ba mai walda ne zai duba da ido ya ce ba wani aiki ba ne, sai an yi zane an lissafa ƙarfin iska an karɓi izinin gini, amma duk da haka guguwar Ian ta 2022 ta kwantar da kejin mutane da yawa. To kai ka tuna iskar farkon damina ta nan, wacce ke yaye kwano a Jega da Kalgo kowace shekara. Mutane na ganin raga ai huji ce, iska za ta bi ta wuce, a'a, in iska ta yi ƙarfi ragar na tare ta sosai, balle in ƙura ta riga ta toshe idanunta ko ruwa ya jiƙa ta.

Sannan akwai abin da hoton bai nuna maka ba, raga ba ta yin inuwar kirki. A watan Afrilu da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, in saman raga ce zalla ba wanda zai zauna ciki da rana, kuma ita kanta ragar rana ce za ta gasa ta har ta fara farfashewa da kanta. Shi ya sa ni shawarata ka raba aikin biyu. Baranda a yi mata rufin gaske, kwano da silin a ƙasansa ko aƙalla a shimfiɗa zana don rage tururi, rufin ya yi tsawo ba ƙasa-ƙasa ba, sai a zagaye gefen da raga. Wannan shi ne zai dawo muku da hirar dare, kuma shi ya fi sauƙin kuɗi. Kwamin kuma ka fara sassabe rassan dogon yaron da suka leƙo samansa, ka nemi tampol ko murfin da ake ja a rufe, ka ɗauke fitilar da ke bakin ruwan ka kai ta can nesa jikin katanga, don shinge haske yake bi. In ka yi wannan damina ɗaya ka ga bai ishe ka ba, sai a zo maganar keji, shi ma a kira injiniyan gini ya lissafa, kada a wuce faɗin da ƙarfen zai iya ɗauka.

Maganar kayan aiki. Alminiyam ya fi, musamman kusa da kwami, saboda ruwan da aka sa wa kulorin yana cin baƙin ƙarfe da wuri, masu haɗa tagogin alminiyam su za ka nema, suna da irin firam ɗin mai ɗan kwari da ake cusa raga a danne ta da igiyar roba, in wani waje ya yage shi kaɗai za a zare a canza. Amma ka sa ido kan kusoshin da za su ɗaure da su, a sa na sitenles, in aka sa na ƙarfe gama-gari a jikin alminiyam ga danshi, wurin ne zai fara ruɓewa. In kuɗi bai kai ba aka koma fayif mai kusurwa huɗu, to kada a sayi mai laushin nan da ake wa teburin shago, a goge shi a shafa jan fenti na tsatsa kafin fenti na sama, a toshe bakin kowane fayif kada ruwa ya kwanta ciki, kuma ginshiƙan a binne su cikin kankare, ba a ɗora su kan tayil a ɗan ɗiga walda ba. Tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi kada ya wuce kamar mita ɗaya da rabi, in ya yi faɗi ragar za ta saki ta riƙa yin tumbi. Katako kuwa ka san halin gara, ban ba ka shawara ba sai dai in dole.

Daga ƙasa a ɗora bulo layi biyu ko uku kafin raga ta fara, don nan ne ƙwallon yara da kyanwa da ƙafar kujera ke bugawa.

Inda aikin yawancin mutane ke lalacewa shi ne ƙofa. Za ka ga an kashe kuɗi an yi raga mai kyau amma ƙarƙashin ƙofa yatsa biyu na shiga, ko tsakanin kwano da bango an bar shi haka, sai sauron ya shiga ya kasa fita, ka ga an tara shi wuri ɗaya ke nan da mutanen gida. Ƙofa ta riƙa buɗewa waje, a sa mata sifirin mai mayar da ita da kanta don yara ba sa rufe ƙofa, a sa roba ko burushi a ƙasanta, lungun kwano a cike shi, bakin magudanar ruwa ma a sa masa raga. Kafin ka biya cikon kuɗi, bari dare ya yi a kunna fitila ciki kai ka tsaya waje ka zagaya, duk inda haske ya fito ba ta cikin raga ba a gyara.

Abu na ƙarshe tunda ka ce yara, raga ba katanga ba ce, yaro ɗan shekara uku in ya jingina zai iya ɓarka ta, kuma yaro in ya faɗa ruwa ba ya ihu, shiru ake ji. A Fulorida ɗin ma dokarsu ta ce shingen kwami kada ya gaza ƙafa 4, ƙofarsa mai rufe kanta ce da sakata inda hannun yaro bai kai. Wannan shi ya kamata ka fara yi kafin komai. Ruwan kuma kada a bar shi ya kwanta ba magani in an yi tafiya, a zafin nan cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwan sauro ya zama sauro.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mu ba mu da wani kwamin wanka, rumfa ce dai a tsakar gida nan Argungu inda muke kwana da yara lokacin zafi don ɗaki ba ya shiguwa, kuma gidanmu kusa da fadama yake. Maigida ya ce zai sa a zagaye rumfar da net ɗin taga, wai in an yi mun huta da ɗaura gidan sauro kullum. Haka ne? Ina da goyo kuma yaran ba sa wata biyu ba a kai su asibiti ba.
Wata uwa, Argungu

AMSA: Hajiya Allah ya ba yara lafiya ya raya goyo. Ki gaishe da maigida ki ce ya yi tunani mai kyau a zagaye rumfar, amma maganar a daina ɗaura gidan sauro ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Ragar gida tana aiki, an gwada. A ƙasar Gambiya an yi bincike da aka buga a 2009, gidajen da aka sa wa raga sauron da ke shiga ya ragu da kusan rabi, kuma an samu raguwar ƙarancin jini a yaran gidajen. To kin ji dai, rabi, sauran rabin yana nan. Ga shi mu a Kebbi lamarin ba na wasa ba ne, binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran jihar nan da aka gwada suna da ƙwayar cutar a jininsu, babu jihar da ta kai mu, Legas kashi 2 ne. Dalilin ba ɓoye yake ba, sauron da ke kawo zazzaɓin ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke duka, irin na gonar shinkafa da ƙananan kududdufai, kuma cikin dare yake cizo lokacin da kuke barci. Gidan sauron da ake rabawa akwai magani a jikinsa da ke kashe shi, net ɗin taga tarewa kawai yake yi, don haka a haɗa biyun.

Wajen sayen ragar ya ɗaga ta ya duba, wacce idonta ya yi faɗi ta kaji ce, wacce ya yi ƙanƙanta sosai kuma za ta hana ku iska ku rasa abin da ya fito da ku daga ɗaki, ya nemi ta taga mai 18 da 16. Ta ƙarfen nan mai arha damina ɗaya ko biyu tsatsa ta cinye ta, ta roba ko ta alminiyam ta fi daɗewa. In da katako za a yi a shafa masa maganin gara kuma gindinsa kada ya taɓa ƙasa, a danne ragar da siririn katako a bi da ƙusa, in ƙusa kaɗai aka buga mata nan za ta fara yagewa. In saman rumfar zana ce ko kara to sai an sa raga ta ƙarƙashinta ma, in ba haka ba ta nan zai sauko. Kuma murhu ya yi nesa da ita.

TAMBAYA: Injiniya ragar barandata ta yi ja da ƙurar hunturu iska ba ta shigowa, kuma akuya ta ɓarka gefe ɗaya. In cire duka in sake?
Mai karatu, Yauri

AMSA: A'a ɗan'uwa, kada ka yi asara. Ka fara kakkaɓe ta da burushi mai laushi tana bushe, sannan ka wanke da ruwan omo da soso ka ɗauraye daga ciki zuwa waje, kada ka sa burushin ƙarfe ko injin wankin mota kusa-kusa. Inda akuya ta ɓarka in ƙarami ne ka yanko ƙyallen raga da ya ɗan fi hujin girma ka ɗinke da zaren kamun kifi, wanda ba ka rasa shi a Yauri, in babba ne a canza wannan fuskar kawai a ƙara waya mai kauri ta waje daga ƙasa zuwa ƙugu. Amma ka danna ragar da yatsa a wani wajen, in ta fashe nan take ko tana barin farin gari a hannunka to rana ta gama da ita, sai a sake duka kafin ruwan farko.