Amsa ga uwar da 'yarta ke jin bugun zuciyarta amma ba ta jin yunwa

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa yaran lafiya. Bari in taƙaita tambayarki saboda waɗanda ba su karanta ta ba. 'Yarki mai shekara 14 tana yawan cewa zuciyarta na dukan uku-uku, numfashi ba ya isarta, an je asibiti an auna zuciyar an ce lafiya lau. Amma yarinyar nan sai ta wuni ba ta ci komai ba har kanta ya fara sarawa, ta ce ita ba ta ji yunwa ba. Ƙanenta mai shekara 9 kuma ba ya sanin fitsari ya matse shi sai ya kusa zubowa. Kika tambaya: yaya mutum ɗaya zai ji zuciyarsa da ƙarfi haka amma ya kasa jin cikinsa? Ko dai shagwaɓa ce?

Daga abin da kika bayyana, ban ga shagwaɓa ba. Bayan gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da taɓawa, akwai wata kafar da ƙwaƙwalwa ke samun labari ta cikinta, wato jin abin da ke gudana a cikin jiki: bugun zuciya, cikar huhu, yunwa, ƙishirwa, cikar mafitsara, zafi da sanyi, tashin zuciya, gajiya. Tun 1906 wani masani ɗan Ingila, Charles Sherrington, ya ware wannan a matsayin fanni mai zaman kansa. Kuma kamar tafiya da magana, ƙwaƙwalwa koyon sa take yi sannu a hankali.

Ga yadda saƙon ke tafiya. A bangon manyan jijiyoyin jini na wuya da na saman zuciya akwai ƙananan ma'aunai da ke jin miƙewar jijiya duk lokacin da zuciya ta buga. Wasu suna auna yawan iskar kabon da ke cikin jini, su ne ke sa mutum ya ji yana buƙatar numfashi. Ciki da mafitsara suna da masu jin miƙewa idan sun cika. Ciki idan ya zama wayam yana sakin wani sinadari mai suna girelin da ke tayar da yunwa. Yawancin waɗannan saƙonni suna hawa ta wata doguwar jijiya da likitoci ke kira bagus, wadda ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya da ƙirji har cikin hanji. Kusan kashi 80 cikin ɗari na zarenta labari suke kai wa sama, ba umarni suke saukowa da shi ba. Wasu saƙonnin kuma ta laka suke bi. Da farko suna sauka a gindin ƙwaƙwalwa, inda ake daidaita abubuwa da yawa ba tare da mutum ya sani ba, sannan kaɗan daga ciki su wuce zuwa wani lungu da ke lulluɓe a gefen ƙwaƙwalwa ta kowane ɓangare, sunansa insula. Ɓangaren baya na insula ne ke karɓar ɗanyen saƙo. Ɓangaren gaba kuma shi ke haɗa saƙon da tunani da abin da ya taɓa faruwa, har ya zama abin da mutum zai iya faɗa da baki: "tsoro nake ji", ko "yunwa nake ji".

Wannan aiki da wuri yake farawa. A 2017 wasu masu bincike a Ingila sun nuna wa jarirai 'yan wata biyar hoton da ke motsi daidai da bugun zuciyarsu da wanda ya saɓa masa, sai aka ga jariran suna bambance su. To amma karɓar saƙo daban, fassara shi daban. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, mai auna abu ya ce "dakata, wannan ba haɗari ba ne", bai gama nuna ba sai wajen shekara 25, alhali sassan da ke tayar da tsoro da zumuɗi sun riga shi kaifi tun farkon balaga. Sai ki ɗora canjin jikin kansa a kai. Balaga na farawa tsakanin shekara 8 zuwa 13 ga mata, 9 zuwa 14 ga maza, kuma a ganiyar girma yaro kan ƙara santimita 8 zuwa 10 a shekara guda. Zuciya ta ƙara girma, jini ya ƙaru, ga al'ada da ciwon mara da ba a saba da su ba. Ƙwaƙwalwa kuwa da kintace take aiki: tana da abin da take tsammanin ji daga jiki, idan ya zo daidai ta yi shiru, idan ya saɓa ta ankarar da mai ita. Masana da yawa na ganin cewa a shekarun balaga jiki ya riga kintacen gudu, shi ya sa ƙararrawar ke yawan kaɗawa.

Yanzu ga ainihin amsar tambayarki. A 2015 Sarah Garfinkel da Hugo Critchley da abokan aikinsu a jami'ar Sussex sun fayyace cewa abubuwa uku ne ake cakuɗawa. Na ɗaya, ko mutum yana jin saƙon daidai idan aka gwada shi da na'ura. Na biyu, yadda shi yake ganin kansa, da yawan hankalin da yake mayarwa kan jikinsa. Na uku, ko ya san lokacin da ya yi daidai da lokacin da ya yi kuskure. Waɗannan ukun ba dole su tafi tare ba. Mutum na iya wuni yana sauraren ƙirjinsa, amma a ce ya ƙirga bugun ya kasa. Haka kuma ƙwarewa a wata kafa ba ta nufin ƙwarewa a wata, domin zuciya da ciki da mafitsara kowanne da ma'auninsa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne 'yarki ta ji zuciya ta rasa yunwa. Hankalinta ya tare a ƙirji, kuma sinadarin adiranalin da fargaba ke saki shi kansa yana danne sha'awar abinci. Har ma abu ɗaya na iya haifar da ɗayan: idan aka daɗe ba a ci ba, jiki kan saki adiranalin don ya riƙe sukarin jini, sai hannu ya yi rawa, zuciya ta yi sauri. Yunwa ce ta zo, amma ƙwaƙwalwar ta karanta ta a matsayin tsoro.

Daga nan sai abin ya zama zagaye. Ta ji bugu, ta ce a ranta zuciyata za ta tsaya, tsoron ya ƙara wa bugun sauri, ta shiga jan numfashi da sauri da zurfi. Wannan numfashin yana fitar da iskar kabon fiye da kima, jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, sai jiri ya zo, yatsu da leɓe su yi kamar ana soka musu ƙananan allurai, ƙirji ya ɗaure. Tana jin iska ba ta isarta, alhali iskar ce ta yi yawa. Irin wannan firgici yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sannan ya sauka. Wani masanin halayyar ɗan Adam, David Clark, ya bayyana wannan zagayen tun 1986, kuma a kansa aka gina maganin da ake yi ta hanyar tattaunawa da horo. Abin da take ji gaskiya ne, fassarar ce ta karkace. Don Allah kada a ce mata "ba komai, ke dai kin cika raki". Yaron da aka yi ta ƙaryata abin da jikinsa ke gaya masa, ko dai ya daina faɗa, ko ya ƙara kururuta shi don a yarda.

Kafin a ɗora wa fargaba laifi, ruwa ba ya tsami banza, a tabbata an duba abubuwan da gwajin zuciya kaɗai ba ya nunawa. Ki tambayi likita ko an auna yawan jini da sinadarin ƙarfe, musamman idan al'adarta na zuba da yawa, domin ƙarancin jini na kawo bugun zuciya da haki. A duba ƙullin tayirod na wuya. A auna bugun tana kwance sannan tana tsaye: ga mai shekara 12 zuwa 19, idan ya ƙaru da 40 ko fiye a minti cikin minti goma na tsayuwa, kuma ya tsaya a haka tare da jiri, wannan matsala ce daban mai nata magani. Akwai kuma alamun da ba a jira da su: suma ko ciwon ƙirji a tsakiyar guje-guje, bugun da ke tashi farat ɗaya ya wuce 150 tana zaune ya kuma tsaya farat ɗaya, ɗan uwa na jini da ya rasu kwatsam yana ƙuruciya, rama, ko yawan ƙishirwa da yawan fitsari. Ɗaya daga cikinsu ya isa a koma asibiti ba ɓata lokaci.

Idan duk wannan lafiya, ga abin da za a yi a gida. Ta koyi auna bugunta da kanta: yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ta ƙirga na daƙiƙa 30 ta ninka biyu. A hutu, 60 zuwa 100 a minti daidai ne ga shekarunta. Amma kafin ta auna, ta fara kintata, ta rubuta, sannan ta auna ta rubuta a gefe. Amfanin yana cikin kwatanta lambobin biyu. Yarinyar da ta rantse zuciyarta na gudun 140 ta ga 88 a takarda, kwana bayan kwana, ƙwaƙwalwarta na gyara kintacenta. Sau biyu a rana, a ƙayyadadden lokaci, na mako biyu, sai a bari. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci ƙwarai. Inda ake ɓata abin shi ne a bar ta tana aunawa duk sanda gabanta ya faɗi, ko a saya mata agogon hannu mai nuna bugu ta riƙa leƙawa kowane minti. Nan awon ya zama wani sabon abincin fargabar.

Za ki iya cin karo da gwajin da Rainer Schandry ya fito da shi a Jamus a 1981, inda mutum ke ƙirga bugunsa ba tare da taɓa jiki ba na daƙiƙa 25, 35 da 45. Idan na'ura ta ce 42 shi ya ce 30, ya rasa 12, makinsa kusan 0.71 ke nan cikin 1. Kada ki ɗauke shi ma'aunin lafiyar yaro, domin wanda ya san yawan bugun zuciya a ka zai iya cin maki da lissafi kawai.

Idan firgicin ya taso, kada a ce mata ta ja dogon numfashi, wannan ƙara wa wuta fetur ne. Fitarwa ake tsawaitawa: ta shaƙa ta hanci tana ƙirga huɗu, ta fitar a hankali ta tsukakken baki tana ƙirga shida, numfashi shida ke nan a minti. Zuciya da ma takan ɗan lafa duk lokacin da ake fitar da iska, ta hanyar waccan jijiyar bagus. Ta saba da shi minti biyar kullum tana cikin natsuwa, in ba haka ba ba za ta tuna da shi ba idan abin ya zo. Kada kuma a hana ta motsa jiki. Gudu da hawa matakala su ne ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa zuciya na iya kai 150 ta sauko lafiya. Idan har ta fara guje wa makaranta ko wasa saboda tsoron bugun, lokacin ganin masanin halayyar ɗan Adam ya yi. Suna da horon da ake tayar da alamun da gangan, kaɗan-kaɗan, har tsoronsu ya mutu, amma a hannunsu ake yin sa, ba a gida ba.

Maganar abinci kuwa, a daina jiran yunwa ta kira ta. Agogo zai yi kiran: wani abu a ciki duk bayan awa uku zuwa huɗu. Kafin ta ci ta ba yunwarta maki daga 0 zuwa 10, ta kuma faɗi inda take jin ta, domin wasu a ciki suke ji, wasu a kai, wasu sai dai su ga sun fara jin haushin kowa. Sai dai ki sa ido. Mantuwa daban, ƙin ci da gangan daban. Idan tana ɓoye abinci, tana yawan maganar ƙiba, tana rama, ko al'adarta ta ɗauke, wannan ba na takarda da biro ba ne, likita za a gani da wuri.

Barci da kafeyin su ma a duba su. Da balaga, sinadarin melatonin mai kawo barci yana jinkirta fitowa da awa ɗaya zuwa biyu, amma buƙatarta na nan awa 8 zuwa 10. Ƙwaƙwalwar da ba ta ƙoshi da barci ba ta fi saurin ɗaukar kowane motsi a matsayin haɗari. Kafeyin na kofi da lemukan ƙara kuzari kuma rabinsa na nan a jini bayan kamar awa biyar, kuma shi kaɗai ya isa ya kawo duk abin da take ƙorafi a kai.

Na ƙanen ya fi sauƙi. Ana kintata girman mafitsarar yaro da shekarunsa a ƙara ɗaya a ninka da mililita 30, wato kamar 300 ga mai shekara 9. Saƙon farko na cika a hankali yake zuwa, kuma idan hankali ya nutse a wasa ko waya ba ya jin sa sai na ƙarshe mai ƙarfi. A sa masa lokaci, duk awa biyu zuwa uku ya je ko bai ji ba, kuma kafin ya shiga a tambaye shi: babu, kaɗan, ko ya cika? Sau huɗu zuwa bakwai a yini shi ne daidai. Ki kuma bincika bayan gidansa, domin kashin da ya taru ya taurare a hanji yana danne mafitsara ya rikita saƙonta, kuma iyaye da yawa ba sa kawo wannan a ransu. Idan akwai zafi wajen fitsari, ko ya dawo jiƙa wando bayan ya daɗe da dainawa, a kai fitsarin gwaji kafin a fara komai.