Fentin ƙananan sojojin wasa a zafin Sakkwato, da yadda ake yanka kuɗin aiki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana da ke karatu a Ingila ya kawo mini akwatin ƙananan sojojin roba na wasan Warhammer, haɗe da fenti da buroshi. Na fara shafawa, amma fentin yana bushewa a bakin buroshi, jikinsu kuma ya yi kaushi kamar an barbaɗa yashi. Ga shi wani abokinsa a Abuja ya ga hoton biyun da suka ɗan yi kyau, yana so in yi masa guda ashirin ya biya ni. Mi zan gyara, kuma nawa zan ce masa? Daga wani matashi, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in ɗan haska wa waɗanda ba su san abin ba. Sojojin nan tsayinsu kamar milimita 28 zuwa 32 ne, ya ɗara gaɓar yatsa da kaɗan. Kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila shi ya fito da Warhammer a 1983, sai Warhammer 40,000 a 1987. Suna zuwa ne a robar toka-toka, mutum ya yanko, ya liƙa, ya yi fenti, sannan a jera su a tebur a yi yaƙin wasa da tef ɗin awo da ƙwaya irin ta ludo. Masu wasan da yawa ba su da haƙurin fenti, shi ya sa ake ba da aikin.

Laifin ba na hannunka ba ne duka, rabi na garinmu ne. Fentin da aka kawo maka, ko Citadel ne ko Vallejo, akirilik ne, da ruwa ake tsinka shi, kuma ruwan na tashi ya bushe. A Ingila ɗigo ɗaya zai jira ka. A Sakkwato cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kafin ka kai buroshi jikin soja ya zama ƙanzo. Maganinsa faranti mai danshi, kuma ba sai ka saya ba. Samu robar abinci mai murfi marar zurfi, shimfiɗa siririn soso a ciki, jiƙa shi sosai amma kada ruwa ya kwanta a samansa, ka ɗora takardar da masu gasa kek ke shimfiɗawa a tire. A kanta za ka riƙa ɗiga fenti. Danshin zai riƙa ratsowa ta ƙasa, fentin ya kai sa'o'i bai bushe ba. Ka kashe fanka ko ka juya mata baya. Kauri kuwa, ka tsinka shi ya zama kamar madarar shayi, ba kamar koko ba. Shafin farko zai yi maka muni, ana hango abin da ke ƙasa. Ƙyale shi ya bushe ka ƙara na biyu. Wanda ya lafta sau ɗaya shi ke cike idon soja da maɓallin rigarsa.

Kaushin nan da ka ce kamar yashi, ina kyautata zaton daga fentin shimfiɗa ne, wanda ake fesawa tun farko don sauran ya kama. Idan ka fesa da rana ko daga nesa, ƙwayoyin fentin suna bushewa a iska kafin su sauka, sai su zauna kamar gari. Ka fesa bayan asuba, gwangwanin a girgije sosai, tazarar kamar taƙi ɗaya, fis-fis kana wucewa. A hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: da ka fesa, kife musu kwano. Ni dai daga Disamba zuwa Fabrairu na fi son na shafawa da buroshi a cikin ɗaki. Waɗanda suka riga suka lalace, jiƙa su a sifirit na kemis, ka goge da tsohon buroshin haƙori. Kada ka kusanto da tina ko fetur ko abin cire jan farce, narkar da robar za su yi.

Bayan launin tushe abu biyu ke fito da soja. Akwai tsinkakken baƙi ko ruwan ƙasa da ake malala masa, ya gangara ya kwanta a lungunan riga ya zama inuwa. Sai busasshen buroshi: ka ɗebo launi mai haske, ka goge a tsumma har kusan babu, ka share saman jikin, tudun kawai zai kama. Gwada shi a kan sulke ka ga ikon Allah. Ƙarshe banish marar ƙyalli, don hannun masu wasa na cin fenti.

Na san za a samu mai tambaya a gida game da mutum-mutumi. Wannan fatawa ce, ka kai wa malaminka. Akwai masu sana'ar da tankoki da jirage da gine-ginen filin wasa kawai suke karɓa.

To, batun kuɗi. Ba zan faɗa maka adadi ba, don farashin kaya na tashi kullum, amma ga inda sababbi ke faɗawa rami: suna kallon ƙanƙantar sojan su ji kunyar faɗin kuɗi. Lokacinka kake sayarwa. Ɗauki ɗaya, duba agogo tun daga yanka har banish. A ce ya ci sa'a 2, ashirin sun zama sa'a 40, mako guda na ma'aikaci ke nan. Yin su biyar-biyar, launi ɗaya a kan kowa kafin a wuce na gaba, zai rage maka, amma ba zai raba biyu ba. Ka yanka wa sa'arka abin da za ka yarda da shi, ka ɗora kuɗin fenti da buroshi, ka tuna cewa daga waje suke zuwa, da dala ake auna su.

Ku kuma daidaita irin aikin da yake so. Akwai na wasa, wanda zai yi kyau daga tsaye a bakin tebur, akwai na ajiya a gilashi wanda ake leƙa ƙwayar idonsa. Tazararsu a lokaci ta ninka sau da yawa. Ka gama guda ɗaya, ka ɗauke shi hoto a inuwa da hasken rana, ka tura masa ta WhatsApp, ya rubuta "na yarda" kafin ka taɓa sauran. Na taɓa gama wa wani rundunar jajaye cif, ya ce ai shi ja mai duhu yake nufi, irin na jan fatar Sakkwato. Kwana huɗu na yi ina sakewa ba ko sisi. Tun ranar nake karɓar rabi kafin alƙalami, duk canjin da ya biyo bayan amincewa kuma da kuɗinsa.

Ashirin sun yi maka yawa a farawa. Ce masa biyar tukuna. In za ka aika, naɗe kowanne daban a tishu, ba auduga ba don tana maƙalewa a takobi da mashi, ka sa su a roba mai tauri da soso sama da ƙasa yadda ko an girgiza ba a jin motsi. A tasha ka roƙi direba ya ajiye a ƙarƙashin kujera, kada ya ɗora a gaban gilashi rana ta gasa su har Abuja.