Kafin ka zuba jari a gonar turare: iskar kabon, cutar naman gwari da lissafin sanduna

Wani mai sayar da itacen gini da gawayi daga Maiwurno, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, ya aiko mana da tambaya. Yana so ya saka jarinsa a faddan biyar (faddan ma'aunin gona ne a nan) na itacen turare, wanda Larabawan nan ke kira ban ko kafur, don ya daina sayen sanduna a hannun dillalai. Sai ɗansa ya ce masa ya karanta cewa iskar kabon da ke ƙaruwa a sama tana sa itace saurin girma, amma kuma tana jawo cutar naman gwari. Ya dasa ko ya fasa?

Alhaji, ka dasa, amma kada ka rubuta wa iskar kabon ko fam ɗaya a littafinka, ba a gefen riba ba, ba a gefen asara ba.

Maganar yaron tana da tushe. Kafin zamanin masana'antu, kabon ɗin da ke cikin iska kashi 280 ne cikin miliyan, yanzu ya haura 420. Ganye da shi yake haɗa abincinsa, don haka a leda, inda akwai taki da ruwa, dashe yakan yi saurin tashi. Amma a Ostareliya, asalin turare, tun 2012 masana ke busa wa wani dajin manyan itatuwan turare kusa da Sidni ƙarin kashi 150. Ganye ya ƙara aiki, gangar itacen kuwa ba ta ƙara kaurin kirki ba, domin ƙasar wurin ba ta da isasshen sinadarin fosfaras. Kai kuwa ganga kake sayarwa.

Ta fuskar cuta abin ya rabu biyu. Idan kabon ya yi yawa, ƙananan ƙofofin numfashin ganye sukan ɗan tsuke, kuma ta nan wasu cututtukan ke shiga, to wannan taimako ne. Amma ganye yakan yi duhu, laima ta daɗe a ƙarƙashinsa, abin da naman gwari ke so ke nan. Shi ya sa a gwaje-gwajen tsirrai wata cutar takan ragu, wata ta ƙaru, wata ko gezau. Inda kabon zai taɓa aljihunka da gaske shi ne ta hanyar zafi da fari da yake ƙarawa, domin itacen da ƙishi ya galabaitar shi cuta ke kayarwa.

Asarar farko a wurin renon dashe take. Ka je da kanka da safe, ka tsuguna ka dubi gindin tsiron daidai bakin ƙasa. Idan ya yi baƙi, ya sirance kamar zare, tsiron ya kwanta alhali ganyensa kore ne, wannan ruɓewar gindi ce, aikin naman gwarin da ke zaune a ƙasa mai jiƙe. Yawan ban ruwa, cunkoso da inuwa mai duhu ke kawo ta. Ka zare leda biyu ko uku daga tsakiyar layi, ba waɗanda mai dashen ya miƙo maka ba, ka yage su. Saiwar lafiya fara ce, ta bazu. Wadda ta yi ruwan ƙasa, ko ta nannaɗe kamar gammo a gindin leda, ka bar masa kayansa ko da rabin kuɗi ne. Dashen da ya dace shi ne mai wata uku zuwa huɗu, tsawon santimita 25 zuwa 30. In kai za ka rena, ka jiƙa ƙasar, ka lulluɓe ta da farar leda mai haske sati huɗu zuwa shida a zafin Afrilu da Mayu. Ranar Sudan za ta yi maka aikin magani kyauta. Ban ruwa da safe kawai, don ganye ya bushe kafin dare.

Asara ta biyu ita ce mai zafi, domin sai ka ciyar da itacen shekara biyu ko uku take bayyana. Ɓawo ya tsage, wani jan ƙaro mai duhu ya riƙa tsiyaya yana bushewa a jikin ganga, kan itacen ya fara bushewa daga sama. Naman gwarin da ke yin haka yakan zauna cikin itacen shiru, ba alama, sai ruwa ya yanke ko zafi ya tsananta ya tashi. Feshi ba ya warkar da shi. Sandar da ya ci takan karye daidai wurin mikin, kuma mai ginin rumfa yana ganin tabon zai ce ta gawayi ce. A nan kuɗinka ke zurarewa: itacen bai mutu ba, amma ya sauko daga farashin sanda zuwa farashin makamashi. Maganinsa ban ruwa a kan kari. Baƙar lakar yankin Sinnar da Jazira tana riƙe ruwa har saiwa ta shaƙe, in ta bushe kuma ta tsage, don haka ka dasa a kan kunya, ka fitar da magudana, kuma kada ka dasa faddan ɗin da ba ka da tabbacin ruwansa daga Maris zuwa Yuni. In famfo kake dogaro da shi, kuɗin gas ko na sola na waɗannan watanni shi ne layin farko a lissafinka.

Ga lissafin. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Tazarar mita 3 da 2 tana ba ka itace 700, faddan biyar 3,500. Wasu za su ce ka yi 2 da 2 ka sami 1,050. Kada ka yarda, cunkoso na hana iska wucewa, yana sa itatuwa kokawa a kan ruwa, sandunan su fito sirara. Ka ƙara dashe 15 a kan kowane 100 don cike gurbi, domin gara ma tana da rabonta a shekarar farko. Sannan ka yi lissafi sau biyu: in 80 cikin 100 suka kai sandar sayarwa, 2,800 ke nan, in shekara ta ɓaci 60 suka kai, 2,100. Idan jarinka bai fita a lissafi na biyu ba, ka rage gonar. Kuma da buhun dawa za ka auna, ba da fam ba, tunda ka ga yadda darajarsa ke zubewa tun da yaƙi ya ɓarke a 2023.

Sara na farko sai bayan shekara huɗu zuwa shida. Saboda haka kada ka ɗauko bashin banki irin salam ko murabahar da za a biya a kaka ɗaya ka zuba a nan. Bashin zai nuna kafin itacen. Ka fara da faddan biyu bana, sauran baɗi, ka shuka wake ko kuɓewa tsakanin layuka a shekarar farko su riƙe maka kuɗin leburori. Ka haɗa iri biyu: kamaldulensis ya fi miƙewa da saurin girma, maikrotika ya fi jure laka da ƙishi amma yakan karkace, ya fi dacewa da gawayi. Ka leƙa ofishin Hukumar Gandun Daji tun yanzu ka ji ƙa'idar izinin sara da na jigila.

Ribar gaske a toho take, domin kututturen turare yana sake fitowa sau biyu ko uku ba tare da sabon dashe ba. Ka sara a rani, santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa, a karkace don ruwa kada ya kwanta a kai. Bayan 'yan watanni ka rage tohon zuwa biyu ko uku masu ƙarfi. Itacen da ke zubar da ƙaro a bar shi sai ƙarshe, a kwashe rassansa a ƙone a wajen gona, a tsoma adda da zarto cikin ruwan kulorin, awo ɗaya a awo tara na ruwa, kafin a taɓa lafiyayyen kututture da su.