Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan wakalar mahaifinta

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce ya fara mantuwa, yana maimaita magana, kuna so ya yi miki wakala, wato takardar wakilci, a Najiz, shafin ma'aikatar shari'a ta Saudiyya, tun yanzu don in gigin tsufa ya yi nisa ki ci gaba da riƙe masa banki da kuɗin haya. Na ga wasu sun ce ki yi kawai, shi ke nan. Ba shi ke nan ba ne. Mu ya faru a gidanmu, a unguwar Hindawiyya a Makka.

Wakala a ƙasar nan da hankalin mai bayar da ita take tafiya. Ran da hankalinsa ya gushe ta faɗi, kamar yadda take faɗuwa ran da ya rasu. Haka yake a fiƙihu, haka kuma dokar mu'amala da aka fitar a 2023 ta tanada. Ko yana garau ma, takardar ba ta wuce shekara 5. Hajiyar da ta kawo miki misalin 'yarta a Landan ba ƙarya ta yi ba, Ingila suna da wata wakala tun 2007 da ke ci gaba da aiki bayan hankalin mutum ya tafi. Amma Makka ba Landan ba ce.

Yayanmu ne Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya yi wa wakala. Da ita yake karɓar haya, yake biyan wuta da magani, har bayan Baba ya daina gane mu. Ba wanda ya san ta faɗi. Sai ran nan 'yan'uwanmu na ɗaya ɗakin suka yi tambaya guda: kuɗin da aka cire bayan Baba ya rikice, da izinin wa? Wallahi Yaya bai ci ko halala ɗaya (kwabon Saudiyya) ba, na shaida. Amma ba shi da amsa, ba shi da rasit, ya yi ta rantsuwa gaban ƙannen da ya goya. Har yau gaisuwarsu ba ta koma yadda take ba.

Daga nan muka nufi kotun al'amuran iyali. Aka nemi rahoton likita, aka nemi shaidu, sannan alƙali ya ba Yaya sakkin wilaya. Wannan ce takardar da ke aiki a kan wanda hankalinsa ya gushe, kuma alƙali ne mai naɗawa, ba 'ya'ya ba. Watanni muka yi muna zirga-zirga, kuɗin Baba na kwance a banki, mu muna karo-karo muna saya masa magani. Ko da sakkin a hannu, waliyyi ba ya sayar da gida sai da izinin kotu.

Duk da haka ki yi wakalar, ki yi ta da wuri, don akwai abubuwa da yawa da za ta warware muku tun yana gane hagu da dama. Ki kai shi likita a kusa da ranar yin wakalar, a rubuta cewa yana cikin hayyacinsa, ki adana. A zayyana abin da aka wakilta ki a kai ɗaya bayan ɗaya. In fita na yi masa wuya, kitabatul adli, jami'an gwamnati masu rubuta irin waɗannan takardu, suna zuwa gida saboda tsofaffi da marasa lafiya. Kuma don Allah kada ki riƙa shiga manhajojin gwamnati na Absher da Nafath ɗinsa da wayarsa kina danna amincewa da sunansa. Na san kowa na yi. Ran da rigima ta tashi, shi za a fara tuhumarki da shi.

Abin da na fi so ki yi kuwa ba a Najiz yake ba. Ku taru duka, maza da mata, kowane ɗaki, har da wanda ke Jidda ko Kano ta waya, Baba ya faɗa da bakinsa wa yake so ya riƙe masa. Kotu ce za ta yanke, amma zuwa gaban alƙali baki ɗaya ba daidai yake da zuwa a rabe ba. In yana da gida ko gona a Najeriya, wannan wata magana ce daban, ku tuntuɓi ƙaramin ofishin jakadanci da ke Jidda kan takardun da can za su karɓa.

Sannan ki ɗauki littafi ki zauna da shi bayan Asuba, lokacin da kansa ya fi washewa: wa yake bi, wa ke binsa, ajiyar wa ke hannunsa. Tsofaffinmu na nan ajiyar alhazai ba ta rabuwa da su. Bayan rasuwar Baba mun tarar da riyal 4,000 a ƙulle cikin ɗankwali a ƙasan akwatinsa, da 'yar takarda da ajami, "na mutumin Gusau". Har yau muna cigiyar mutumin Gusau.