Abincin mai juna biyu da ƙibar ɗanta a gaba

TAMBAYA: Ina da ciki wata biyar, surukata kuma kullum tana matsa mini in ƙara ci, tana cewa mu biyu ne a kan kwano ɗaya. A wajen awo kuwa na ji ana cewa abin da uwa ta ci yana iya jawo wa ɗa ƙiba idan ya girma. Shin gaskiya ne?
Daga wata mai karatu a Zariya

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Abin da kika ji gaskiya ne, kuma yunwa da yawan ci duka suna iya barin tabo. A lokacin sanyin 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun toshe hanyoyin abinci a yammacin ƙasar Holan, mutane suka shiga matsananciyar yunwa. Binciken da aka wallafa a 1976, wanda ya duba samari kusan 300,000 masu shekara 19, ya nuna cewa waɗanda yunwar ta riski iyayensu mata a farkon ciki sun fi sauran yawan ƙiba, kamar dai jikin ɗan tayi ya koyi tattalin duk abin da ya samu tun yana mahaifa.

Amma abin da ya fi damuna game da ke shi ne ɗaya ɓangaren. Idan sukari ya yi yawa a jinin uwa, yakan ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, shi kuma sai jikinsa ya ƙara samar da insulin, sinadarin da ke sarrafa sukari a jiki, ya mayar da rarar sukarin ta zama kitse. Shi ya sa jaririn da ya haura kilo 4, wanda muke yi wa barka da cewa ya zo a ƙoshe, yake cikin waɗanda suka fi haɗarin ƙiba da ciwon suga daga baya.

Surukarki ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, don haka ki bi ta da lalama. Ƙarin da jikinki yake bukata a wannan wata bai wuce kofin fura da nono marar sukari da ƙwai ɗaya a kullum ba. Ki rage lemon kwalba da shayi mai zaƙi, ki yawaita wake da zogale da kifi, sannan ki nemi a gwada sukarin jininki tsakanin mako na 24 da na 28.