Hukuncin amfani da abin shaƙa ga mai ciwon toshewar numfashi a cikin azumi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Tudun Wadan Zariya nake. Mahaifiyarmu ta shekara da shekaru tana tuyar waina da itace, yanzu likitoci a asibitin koyarwa na Shika sun ce hayaƙin ya ɓata mata huhu, ciwon toshewar hanyoyin numfashi ne, ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. An ba ta abin shaƙa, amma ta ce ba za ta taɓa shi da rana ba don kada azuminta ya karye. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Mama sauƙi, Ya saka miki da alheri.

Malamai sun yi saɓani a kan wannan. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya shaƙi hayaƙin turaren wuta ko tururin tukunya da gangan har ya kai maƙogwaro, azuminsa ya ɓaci. A kan haka wasu suka yi ƙiyasin abin shaƙa, suka ce a rama. Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin kuwa sun tafi a kan cewa na feshi ba ya karya azumi, domin huhu ya nufa, ba abinci ba ne, ba abin sha ba ne. Feshi ɗaya na Ventolin, wani abin shaƙa na feshi, maikrogiram 100 ne kacal na magani, kuma abin da zai iya zarcewa ciki bai kai danshin da ke saura a baki bayan kurkurar alwala ba. Wannan na fi natsuwa da shi. Wanda ya rama don fita daga saɓani, bai yi laifi ba.

Na'urar da ake zuba wa maganin ruwa tana fitar da tururi, da ƙwanson da ake fasawa a zuƙi garinsa, waɗannan sun fi kusa da karyawa. Ki tambayi likitanta ko za a iya mayar da maganin da take shaƙa kullum zuwa lokacin sahur ko bayan shan ruwa. Iskar oksijin zalla ba ta karya azumi, kamar yadda Majalisar Fiƙihun Musulunci ta zartar a Jidda a 1997.

Abin da ya fi damuna shi ne tsohuwa ta zauna numfashinta yana sarƙewa, ƙirji yana kuka, leɓe ya fara canja launi, magani yana hannunta ta ƙi. Wannan bai halatta ba. Allah Ya ce Yana nufinmu da sauƙi, ba Ya nufinmu da tsanani. Idan ma likita amintacce ya ce azumin kansa yana cutar da ita, ta sha azumin, a ciyar da miskini mudun Annabi a madadin kowace rana, babu ramuwa tunda ba a sa ran warkewa.

Ku kuma 'ya'yanta, ku raba ta da murhu da turaren wuta, ta rufe hanci in hazon hunturu ya sauko. Salla in tsayuwa ta gagara ta yi a zaune.

Wallahu a'alam.